Alhaji Rariya, Miƙa wa Uwargida Mabuɗi

Alhaji Rariya na Buza, ɗan kawuna, Sarkin Shayin Adar, ina gaisuwa irin ta taubasai, wadda babu durƙuso a cikinta. Saƙonka na murya ya same ni a Madawa. Ka gaishe ni, ka gaida gida, ka tambayi lafiyar jakina, har na fara cewa yau taubashi ya shiryu, sai can a wutsiyar magana ka sako abin da ke tafe da kai: wai in ranta maka jika 10, hatsi ya ƙare, kuma "tsakaninmu ne, kada uwargida ta ji". Kwantar da hankalinka, na rufa maka asiri. Jarida kawai na kawo maganar. Uwargida ba ta yi boko ba, sai dai ɗiyanka ƴan lekol su karanta mata.

Jika 10 dai ba ka samu. Akwai su, suna nan kwance lafiya inda na ajiye su, kuma abin da ya sa suke nan shi ne ban saba ba irinka ba. Na san abin da za ka ce: Bagobirin Madawa marowaci, mai ƙirga ƙwayar gyaɗa kafin ya miƙa wa baƙo. Na karɓa hannu biyu. Amma ka lura da kyau, mai kyauta ne ya bugo wa marowaci waya. Abin da zan ba ka a banza shawara ce, ita ma don ba ta ci mini ko dala.

Ɓarnarka da kaka take farawa. Yarinyar da ke tallan ƙosai a kasuwar Tunfafi ma ta san tafiyar farashin hatsi. Oktoba da Nuwamba tiya na ƙasa, don kowa na da hatsi kuma kowa na neman kuɗi. Da bazara ta fara hawa. Yuli da Agusta, lokacin da ake duƙe a gona ciki ba nauyi, ta kai inda ta ga dama. Kai kuwa Allah ya ba ka baiwar sayarwa ranar da take ƙasa da saye ranar da take sama, shekara da shekaru ba ka taɓa kuskure ba. Ɗan kasuwar da ya auni hatsinka a Karofan bai kai shi Makka ba, Alhaji. Yana nan cikin mangaza bayan kasuwa, ko buhun bai sauya ba, yana jiran ka dawo ka fanshi abinka. Kai ka shuka, kai ka nome, kai ka girbe, kai ka sussuke, sannan ka biya wani ya riƙe maka na wata takwas. Irin wannan karamci ko a Tamaske, garin ƴan kasuwa, sai a yi maka tafi.

Kuma me aka yi da kuɗin? An sauya moto. Tsohon lafiyarsa lau, ƙara ce kawai gare shi, kai ma kana da ita ba wanda ya sauya ka.

Ka tuna rumbunan ƙasa na kakanmu, manyan nan da sai da tsani ake faɗawa ciki? Da an gama jidar damma tsoho ya ware na ci, sauran ya sa a rufe baki a shafe da laka, kuma ko wa zai mutu ba a fasawa sai ruwan shuka ya sauka. Da rani gida ya rayu da hatsin gamanar mata, da wake, da ɗan abin da masu ci-rani suka aiko. Ubanka da uwata sun sha ce masa mai taurin hannu, a bayan idonsa mana. Sai ga 1984: fari ya ƙone gonaki, Buhari ya rufe iyaka, har mutanen ƙasar nan suka laƙaba wa yunwar sunansa. A gidan tsoho ba a ci an ƙoshi ba, amma an ɗora tukunya kullum, kuma ba a sayar da gona ba. Mu da kanmu mun ga 2005, bayan fara da farin 2004, mun ga yadda Keita da Buza suka ji jiki. Mun ga 2023, da aka sake rufe iyaka shinkafa ta zama abin kallo. Wanda ya ga waɗannan duka ya ci gaba da buɗe rumbu don kiɗa ya yi daɗi, to ba malami yake buƙata ba, kwaɗo yake buƙata.

Don dubarar tsoho ba ta wuce guda ba. Ba ya fi kowa lissafi ba ne, ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba. Ya san hannun ɗan Adam ne kawai, har da nasa, shi ya sa ya sa laka tsakanin hannun da hatsin. Duk wata hanyar tattali da na ga ta yi aiki a ƙasar nan, in ka tone ta, nan za ka iske gindinta: mai abu ba ya iya kai hannu ga abinsa shi kaɗai, a lokacin da ransa ya raya masa.

Masu digiri ma da suka zo da takardunsu, nan suka ɓullo. Wajen ƙarshen shekarun 1990 wani shiri na FAO ya kawo abin da ake ce wa warantaji. Ƙungiyar manoma ta tara hatsi ko wake a mangaza da kaka, a sa wa ƙofa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin asusun da ya ba da rance. A ba ka kuɗi ƙasa da darajar kayanka, ka yi garka da su ko ka turke tunkiya, bayan wata biyar ko shida ka biya, a buɗe, ka iske hatsinka ya yi tsada yana jiran ka. Ba kowace shekara ake dariya ba. Akwai wadda farashi ke zaunawa wuri ɗaya, ga ladan mangaza, ga abin da ya hau kan rancen. Amma ko a irin wannan shekara ruwan shuka na samun ka da iri da abin fura, ba da saƙon murya ba. Da aka yi maka tayin shiga, me ka ce? Wai kai ba ka son a san yawan hatsinka. Ai yanzu an sani. Babu.

Waken ma haka. Tun 2007 buhun PICS ya shigo ƙasar nan, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, masu binciken INRAN na Maraɗi suka yi aiki a kansa: leda biyu masu kauri a cikin buhun saƙa, ka shanya wake ya bushe sarai, ka ɗaure kowace leda daban, iska ta ƙare wa ƙwaro ya mutu a ciki, ba hoda ba ƙwayar guba. In ba ka huda shi ba, baɗi ma ya yi maka aiki. Kai ka ce buhun ya yi tsada. Ka zuba wake a tsohon buhun siminti, zuwa watan azumi aka buɗe aka samu gari da ƙwari suna yi maka barka da shan ruwa.

Yanzu bari in faɗa maka abin da kowa a unguwarku ya sani ban da kai. Uwargidan nan da kake cewa kada ta ji, ta fi ka kuɗi. Kowane mako, ranar da kake cewa ta tafi hirar banza, wurin zubi take zuwa. Mata Masu Dubara ke nan, abin da CARE ta soma da matan ƙauyukan Maraɗi a 1991, ya bazu ya shigo jihar Tawa, ya tsallaka iyaka, yau ana kwaikwayonsa a ƙasashe da dama na Afirka har da Asiya. Matan karkarar Nijar suka koya wa duniya tara kuɗi, kai kana kwana ɗaki ɗaya da ɗaya daga cikinsu kana neman rance a Madawa. Dubi yadda suke yi. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, mabuɗan na hannun mata uku, akwatin kansa na ɗakin ta huɗu, ba a buɗewa sai gaban kowa. Wadda ta makara a ci ta tara. Wadda ke son jari ta ranta, ta mayar a kan lokaci, don ba ta iya guje wa matan da take haɗuwa da su a bakin rijiya. Shekara ta zagayo a fasa, kowa ta ɗauki rabonta, galibi daidai lokacin da gida ya fi buƙata. Dala ashirin-ashirin, dala hamsin-hamsin, abin da kai kake ba yaro ya sayo maka ashana ka ce ya riƙe canji.

Jar akuyar nan da ke tsakar gidanka, wadda kake nuna wa baƙi kana cewa "ƴan dabbobina", daga akwatin ta fito. Littattafan ɗiyanka da aka koma lekol a Oktoba, daga akwatin. Daren da autarka ta yi zazzaɓi aka ɗauki kabu-kabu zuwa likita, ka ce "Allah ya rufa asiri", gaskiya ne, ya rufa, ta hannun akwatin. A gidanka akwai ministar kuɗi, kai ministan shagulgula ne, kuma laifin tsarin mulkinku shi ne mabuɗin rumbu na aljihun ministan shagulgula.

Ba cewa na yi ka sauka daga kan maigida ba, wane ni. Riƙe hularka, riƙe gyaran muryarka, riƙe tabarmarka ta ƙofar gida, wadda ta Madawa ce ma, ni na kai maka. Mabuɗin kawai za ka miƙa. Ko ku sa kwaɗo biyu, ɗaya naka ɗaya nata, ku auna abin da gida ke ci a wata, ku ware na iri, ku ware na damina, abin da ya saura shi ne na kasuwa. In kana jin kunya, ce mata likita ne ya hana ka ɗaukar ƙarfe.

Kada ka ce mace ba ta iyawa, don tarihin ƙasarku zai ƙaryata ka. Da Projen Keita ya fara a 1984, da kuɗin Italiya da hannun FAO, ana biyan aiki da abincin PAM, su wa suka yi aikin? Maza na Abijan, na Legas, na Kamaru, na Libiya. Mata ne mafi yawa a fili, suna jidar duwatsu a ka, suna jera su a gangaren tudu don ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa, suna dasa itatuwa har miliyoyi. Je ka Ibohaman ko Garhanga ka ga wuraren da dā faƙo ne. Matar da ta tsayar da ruwan Dutsin Adar da duwatsu ba za ta kasa tsayar da jika 10 ba.

Kafin wani ya tashi ya ce na raina talaka: na san akwai gidajen da ba rashin tattali ke damunsu ba, babu ce tsagwaronta. Gonar ta ƙanƙance, damina ta yi gardama, abin da aka girbe bai kai wata uku ba, bashi ya cinye shi tun yana tsaye. Irin wannan gida taimako yake so, ba wa'azi ba. Ba da su nake ba. Da kai nake, mai gona a fadamar Majiya, mai garka, mai ɗan'uwa a Abijan da ke aiko da kuɗi ta Nita duk wata.

Mu zo fada, fadar mai martaba. Ban hana ka shayi ba, ni ma in na zo kai ke dafa mini, kuma gaskiya hannunka na da kyau, ita ce sana'a ɗaya da ka gada ka kuma inganta. Lissafi kawai za mu yi. Mu ce ganye dala 20, sukari dala 20, gawayi dala 10. Dala 50 ke nan zama guda. Kai kuwa zama biyu kake yi, na hantsi da na dare, ban da na baƙi. Dala 100 a yini, jika 15 a wata, jika 180 a shekara. Buhun hatsi mai kilo 100 da OPVN ta saba sayarwa da rahusa jika 13 ne. Raba ka gani. Buhu 13 har da canji kake ɗurawa a ƴar buta kana ɗaga hannu sama don kumfa ta tashi. Ban sa goro ba, ban sa taba ba, ban sa tsiren da ke biyo bayan na biyu ba. Kuma mutum takwas ke zama a fadar, kai kaɗai ke saye, don kai ne Alhaji. Ku yi karo-karo mana, kowa da ranarsa. Ka rage zama guda. Wanda ya daina zuwa don an ce ya kawo sukari, ka san dā ma ba don kai yake zuwa ba.

Wayar kuma ba sai na daɗe a kanta ba. Forfen da kake zubawa don ka kalli ƴan kokawa suna faɗuwar da ka riga ka gani, da matan TikTok da ba su san da zamanka ba, ya isa kuɗin niƙa na wata. Moto kuwa, tun da Tinubu ya cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 esansin ƴan ruwa-ruwa ya daina zama sadaka. Masallaci na bayan gidanka, Alhaji. Da ƙafa lada ta fi yawa, tumbin ma ya huta.

Akwai wata ɓarnar da ba ta da ƙara, ita ce sayen ƙulli-ƙulli. Man dala 10, sukarin dala 10, tumatirin gwangwani cokali guda, kullum yaro na kan hanyar shago, mai shago na rubutawa a littafi. Wanda ba shi da hali dole ce ta sa shi, kuma shi ya fi kowa sayen tsada a duniya. Amma kai da kuɗi ke shigo maka dunƙule, da kaka ko ranar da aike ya iso, me zai hana ka sayi gishiri da sabulu da mai na wata gaba ɗaya ka damƙa a ɗaka? Sannan lokacin sanyi, da tumatir ke zubewa a kasuwa har masu shi na roƙon a ɗauka, uwayenmu yanka shi suke yi su shanya, kauɗa ta kai su damina. Haka kuɓewa, haka tattasai, haka zogale. Lawashin albasa da ake bari a garka, su kirɓa shi su yi gabu. Miyar da aka yi da gabu da daddawa, kai ma ka san ba ta neman dunƙule huɗu. Ka ce wannan abincin ƙauye ne. Daga wace unguwa ta Faransa aka kawo ka?

Itace kuma abin haushi ne, don ku mutanen Majiya kun fi kowa sanin wahalarsa. Layukan dogon yaron nan da suka ratsa fadamarku ba da kansu suka tsiro ba. Tun 1975 aka fara dasa su wajen Garadume, ma'aikatan gandun daji da CARE da mutanen ƙauyuka, layi biyu-biyu, don iska ta daina kwashe ƙasa tana binne shuka. Sai da aka yi shekaru ana gadi ana korar awaki kafin a fara sassabe rassan a samu itace da azara. Wannan itacen ne ake turawa a murhun duwatsu uku a tsakar gida, iska na kwashe wutar, rabin zafin na dafa sararin sama. Murhun Albarka da laka ake gina shi, da kashin jaki da ɗan ƙaiƙayi, ko tamma ba ya ci, kuma jaki kana da shi, har biyu in an ƙirga da mai shi. Na ƙarfe, Mai Sauƙi, maƙera na yin sa tun shekarun 1980. A jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya, a kashe bakin wuta in an sauke. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 gas ya samu a ƙasa, har masu garka da dama sun juya injin ban-ruwa ya koma shan gas. Kai ma ka sayi kwalba, na gani. Tana ɗakinka, ta shayi ce.

Albasa fa? Nan dole ka yi shiru ka saurari ɗan kwarin Tarka, don mu da mutanen Galmi muka san ta, ku kallo kuka zo. Maris da Afrilu kowa ya haƙe, manyan motoci na jere za su Akara da Kumasi da Abijan, dillali na taɓe baki, ana ɗora wa buhu hula har ya fi mai shi tsawo, farashi na ƙasa. Wanda ya iya jira zuwa bayan damina shi ke ganin kuɗi. Rudun ajiyar albasa ba siminti yake so ba, kara ne da itace da ciyawa, a ɗaga shi sama da ƙasa iska ta riƙa ratsawa. Amma albasar ajiya tun a garka ake shirya ta. Kada ka ɗura mata takin zamani don ta yi ƙaton kai, mai ƙaton kai ruwa ne cikinta, ita ke fara ruɓa, kuma wannan ba habaici ba ne. Ka yanke mata ruwa kafin haƙa, ka bari wuya ya bushe, ka tsince mai rauni, sannan duk ƴan kwanaki ka shiga ka fitar da wadda ta lalace kafin ta shafi ƴan'uwanta. Za a yi asara, ba a ajiye albasa ba a rasa komai. Shi ya sa ba duka ake ajiyewa ba: a sayar da kashi a biya bashin mai da taki, a ɗaga kashi. Kai naka rudun ka gina shi, ya yi kyau. Inuwarsa na da daɗin barcin rana, in ji maƙwabta.

Gadon irin albasar taka ma na ga abin da ka lulluɓe shi da shi. Sangen da aka raba kyauta don ɗiyanka ne. Iri na barci cikin sange, yara na barci cikin sauro. Zazzaɓi guda na damina, tsakanin kabu-kabu da magani da kwanakin da aka bar gona, ya fi ƙarfin abin da tsuntsu zai ci a gadon iri. Kuma ku da mu muna cikin waɗanda aka fara da su: a 2013, da aka soma ba yara ƴan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata da damina, Madawa da Buza na cikin gundumomin farko, tare da likitocin MSF. Kyauta ake ba shi, har gida. Abin da ake nema gare ka shi ne a ba yaro sauran ƙwayoyin na kwana biyu da suka biyo baya, ba a jefa su saman rufi ba. Duba yara ƙanana kyauta ne a doka tun 2006, a 2024 kuma gwamnati ta rage kuɗin likitocinta da rabi. Duk da haka ka fi yarda da mai tallan magani a faranti, wanda rana ta gasa ƙwayoyinsa tun daga Ƙonni, ka saya sau uku bai yi ba, sannan a tafi likita da yaro a sheme. Nan ba wasa nake ba, taubashi. To, na koma wasa.

Ragon layya: kowace shekara sai saura kwana biyu kake shiga kasuwa, da babbar riga, dillalai na hango ka suna yi wa juna albishir. Ɗan tunkiya ake saye da wuri a turke, ya ci harawa da dusa da ruwan tsari, ranar salla ya zama abin nunawa. Amma ina harawar? Ka sayar da ita a gona tun da kaka, da bazara ka sayi ƙullin da bai cika hammata ba. Hali dai guda ne, kaya ne ke sauyawa.

Sai buki, inda sunanka ya samo asali. Shekarar da ka dawo daga Abijan, wata tara kana tura baro cikin ruwan sama kana kwana ku goma a ɗaki, ka iso Buza da abin da zai sayi saniya da amalanke. Kwana arba'in aka yi ana shagali. Shadda ta sha ɗinki, maroƙi ya ce kai ne hadarin gabas, ka juye masa aljihu. Da kuɗin suka ƙare shi ma ya gane hadarin ya wuce, ya koma gaishe ka da ka. Sunan autarka kuwa, rago guda addini ya nema, kai ka ƙara da sa, ka ɗauko rumfa da kujeru da mai kiɗa, jaririya na barci ba ta san ana yi ba. A nan kam uwargida ma ba ta tsira ba, gaya mata in ji ni: ankon kowane buki, da kwanonin jeren da ba a taɓa cin tuwo a cikinsu ba, da bikin da ake mayarwa ninki, su ma rariya ce, mai ƙananan ƙofofi dai. Amma ita ta san ranar da za a zo, tana tanadi tun da wata uku. Kai kuwa ko azumi mamakinsa kake yi duk shekara, sai ka ce ba a sanar da kai ba.

Saura magana guda, kuma ita ce ta fi damuna. Kullum kana bugun ƙirji kai ɗan namiji ne, ni ɗan mace, wai kai ubangida ni bawa. Na yarda. To ubangida, watan cika-ciki na tafe, kuma kuɗin sharata na taubashi na bara ma ba su fito ba, ka ce in yi haƙuri sai an sayar da albasa, alhali albasar ta riga ta kai Kumasi an ci an wanke hannu. Bana ba na karɓar alkawari, kuma ba na karɓar kuɗi daga hannunka, don na san na wani ne ka ranto. Tiya biyar ta wake nake so, daga buhu mai leda biyu, mara huda ko ɗaya, uwargida ta auna da hannunta. In ka kasa, zan zo Buza ranar kasuwa da igiya, in ɗaure ka a gaban fadarka in yi gwanjonka. Matsalar dai ita ce duk wanda ya san cin da kake yi ba zai taya ba, sai dai in haɗa da butar shayin.